Maganin rage kitsen jini: wa ke bukatarsa, kuma wane iri?

Shanyewar ɓarin jiki ba aikin iska ko sammu ba ce. Galibi tana faruwa ne idan jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini ta toshe. Cikin abubuwan da ke toshe ta akwai wani kitse mai suna kolestarol, wanda yakan taru a bangon jijiya sannu a hankali. Ba ya sa ciwo, kuma siriri ma yakan same shi. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna shi.

Su wa suka fi shiga haɗari?

• Wanda ya taɓa shanyewa ko ciwon zuciya
• Mai ciwon sukari da ya kai shekara 40
• Mai hawan jini, musamman dattijo ko mai shan taba

Yadda likita ke zaɓar magani

Magungunan da ake fara ba mutum sunansu statin. Suna rage kitsen da hanta ke haɗawa. Simvastatin yana da matsakaicin ƙarfi, ana shansa da dare. Atorvastatin da rosuvastatin sun fi shi ƙarfi, su ake so ga wanda jijiyarsa ta taɓa toshewa. A shekarar 2006 aka buga sakamakon wani bincike a kan mutane 4,731 da suka taɓa shanyewa ko suka ga alamarta. Atorvastatin miligiram 80 a kullum ya rage sake shanyewa da kashi 16 cikin ɗari. Idan statin bai sauke kitsen yadda ake so ba, akan ƙara ezetimibe.

Kafin a rubuta maka, ka nuna wa likita duk magungunan da kake sha. Simvastatin ba ya jituwa da clarithromycin da wasu magungunan ƙanjamau. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun da wuri. Kada ka saya a kemis don ka ga maƙwabcinka yana sha.

Wannan magani ba na mako ɗaya ba ne. Da zarar an daina, kitsen ya dawo. Kuma bai maye gurbin maganin hawan jini ba. In ka ji tsananin ciwon tsoka, ko fitsarinka ya koma kamar baƙin shayi, ka je asibiti ran nan.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me mutanen ƙauyenmu ke cewa yana kawo shanyewar jiki?
2. Me ke sa mutane su daina shan magani?
3. Yaya za mu taimaki wanda kuɗin magani na wata-wata ya fi ƙarfinsa?