Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Tsara Takardar Ofis a Kwamfuta Ta Yi Daɗin Karantawa?

Tsara takarda a kwamfuta ya bunƙasa ne tun daga 1985, lokacin da kamfanin Aldus na Amurka ya fito da manhajar PageMaker. Yau kuwa Microsoft Word ta wadatar da yawancin ofisoshi.

Abu na farko shi ne zaɓen salon haruffa. Biyu sun isa: ɗaya na kanun magana, ɗaya na gundarin rubutu. Girman 11 ko 12 ya fi dacewa da wasiƙa da rahoto. In da Hausa za a rubuta, sai a tabbatar salon yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu ba su da su, sai kwamfuta ta cusa baƙon harafi ko ɗan akwati a gurbinsu.

Sai batun sarari, wanda a nan aka fi yin kuskure. Wasu kan cika shafi maƙil don gudun ɓarnar takarda, alhali cunkoso ke gajiyar da ido. A takardar A4 ana barin kimanin santimita biyu da rabi a kowane gefe, a kuma ɗan buɗa tsakanin layuka da sakin layi.

A jera rubutu daga hagu. Manyan baƙaƙe zalla suna da wuyar karantawa, a bar su ga gajeren take. Kaurara harafi kuwa, in ya yi yawa ba ya nuna komai. Kafin aikawa a mayar da takardar zuwa PDF, don kada tsarinta ya wargaje a wata kwamfutar.