Yankewar Silsila da Naɗin Mata Masu Zuhudu a Mazhabar Terabada ta Addinin Buda

Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan tambaya guda: wa ke da ikon naɗa mace cikakkiyar mai zuhudu, wato bikkuni, a mazhabar Terabada da ta yi rinjaye a Sirilanka da Tailan da Bama?

Binaya, kundin dokokin zuhudu, ya shar'anta cewa mace za ta karɓi naɗi daga jama'ar bikkuni da suka riga ta, sannan jama'ar maza, wato bikku, su tabbatar. A nan gizo ke saƙar. Silsilar da Sangamitta, 'yar Sarki Asoka, ta kai Sirilanka a ƙarni na 3 kafin Miladiyya ta yanke wajen ƙarni na 11. Masu riƙe da tsohon ra'ayi suka ce tunda babu mai naɗawa, ƙofa ta rufe ke nan.

Masu neman farfaɗo da naɗin sun kafa hujja da tarihi. A ƙarni na 5 wasu bikkuni daga Sirilanka sun je ƙasar Sin sun naɗa mata, kuma silsilar mata tana raye har yau a Sin da Taiwan da Koriya. Bisa wannan ne aka naɗa mata 10 'yan Sirilanka a Sarnat ta Indiya a 1996, da taimakon masu zuhudu na Koriya. 'Yan adawa sun ce waccan silsila tana bin wani kundi daban, na Darmaguptaka. A ganin mai nazari, saɓanin bai shafi cancantar mace ta kai ga nibbana ba, domin nassoshin mazhabar sun yarda da hakan. Ya tsaya ne a kan ingancin naɗi da kuma wanda zai amince da shi.

Lamarin Tailan ya fi tsauri. Tun 1928 shugaban limaman ƙasar ya haramta wa bikku naɗa mata. Abin da ya rage wa mace shi ne zama meci: ta aske kai, ta sa fararen tufafi, ta kiyaye dokoki 8 ko 10, galibi tana girki da shara a gidan ibada, alhali mafi yawan sadaka na tafiya ga maza. Saboda haka ne Catsuman Kabilsing, tsohuwar malamar Jami'ar Tammasat, ta tafi Sirilanka ta karɓi cikakken naɗi a 2003 da sunan Dammananda. Tana jagorantar gidan zuhudun mata a Nakon Patom, amma majalisar limaman Tailan ba ta amince da naɗin nata ba.