Darasi: Ma'anar Wanke Mutum Daga Laifi

Sau da yawa mukan ji an ce kotu ta wanke wane. Yau za mu koyi ma'anar wannan magana, don kowa ya san hakkinsa.

Idan aka kai mutum ƙara, alƙali yakan ji bakin mai ƙara, da na wanda ake ƙara, da na shaidu. In laifi bai tabbata ba, sai ya wanke shi. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Watau kawo shaida aikin mai ƙara ne.

Akwai abu uku da mukan ruɗa su.

Na ɗaya, sallama. Wani lokaci akan sallami mutum don mai ƙara bai zo ba, ko shaidu ba su hallara ba. Ba a kashe maganar ba, ana iya sake kiransa.

Na biyu, wankewa. Nan an yi shari'a har ƙarshe. Ba za a sake yi masa shari'a a kan wannan laifi ba, sai in kotun da ke sama ta ba da umurni.

Na uku, afuwa. Wannan ikon Gwamna ne ko Shugaban Ƙasa, ba na alƙali ba. Yafewa aka yi.

A wajen ciniki da alkawari ma akan wanke mutum. A ce maƙwabcinmu ya ci bashin gero buhu 2, mu kuwa muka tsaya masa. In ya biya, mun fita lamuni. In ya kasa, mu za a bi. In muka biya, muna da ikon mu bi shi ya mayar mana. A dokar kotunan gwamnati kuma, idan mai bin bashi da wanda ake bi suka sake sharuɗɗa ba da yardarmu ba, lamuni yakan sauka daga wuyanmu.

Haka kuma ajiya. A shari'ar Musulunci, in aka ba mu ajiya, gobara ta cinye ta ba da sakacinmu ba, babu biya a kanmu. Amma in mun yi sakaci, sai mu biya.

Saboda haka, jama'a, wanda kotu ta wanke ya nemi takardar hukunci wurin magatakarda, ya adana. Wanda ya biya bashi ya karɓi rasit, ko ya kafa shaidu. Mu kuma mutanen gari, kada mu ci gaba da kiran mutum ɓarawo bayan an wanke shi. Yin haka ɓata suna ne, yana iya kai mu ƙara.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin sallama da wankewa?
2. Wa ke da ikon yin afuwa?
3. Yaushe mai lamuni yake fita lamuni?