Tafiya Da Doki A Ƙasar Bagudo

Jama'a, yau zancenmu a kan mahaya ne na Lafagu da kewaye, masu zuwa cin kasuwa ko gaisuwar dangi wajen iyakar Benin.

Kafin ka hau, ɗaga ƙafafun dokinka ka duba kofato, kada tsakuwa ko ƙaya ta maƙale. Shafa bayansa, in akwai miki, kada ka ɗaura sirdi. In kun ɗan taɓa tafiya, sauka ka ƙara ɗaure majayi, don yakan saki, sirdi ya juye da kai. Kada ka cusa ƙafa duka cikin likkafa, gama wanda ya faɗi ƙafarsa a maƙale, doki janye shi zai yi.

Yi sammako, ku huta da tsakar rana. Doki yana shan ruwa lita 30 ko fiye a yini, saboda haka shayar da shi duk inda kuka yada zango.

Kwara kuwa sau 2 take cika: wajen Satumba, da kuma cikin ɗari, sa'ad da ruwan Mali ya iso. Mashigin da ka sani jiya, yau sai ka tambayi masu fito.

Guji kurmin bakin rafi, nan tsando yake, shi ke sa sammore. In doki ya fara rama yana kasala, kai shi wurin likitan dabbobi. Karɓi takardar lafiyarsa kafin ka ƙetare iyaka.

Kada ka yi tafiyar dare, ko kai kaɗai. Allah ya kiyaye hanya.