Gwiwar Amokachi: Magana da 'Yan Tamaular Kudancin Kaduna

'Ya'yana masu buga tamaula a filayen Kakuri da Makera da Barnawa, har zuwa Narayi da Sabon Tasha, ku ɗan ajiye ƙwallon ku matso kusa. Magana nake so mu yi a kan ɗan garinku, Daniel Amokachi. Yawancinku ba a haife ku ba lokacin da yake tashe, a bakin iyayenku kuka san shi, kuma su ma rabin labarin suke ba ku, rabin da ya fi daɗi.

A nan Kaduna aka haife shi a ƙarshen 1972, ya taso a zamanin da ƙwallo take da gata a garin nan. Masaƙun Kakuri suna aiki dare da rana, masaƙar UNTL ma tana da ƙungiyarta, wadda a cikinta marigayi Rashidi Yekini ya fara kafin ya wuce Ibadan. Yaro mai ƙafa yana da inda za a gan shi. Amokachi ta Ranchers Bees ya fito. Clemens Westerhof, Baturen Holan mai horar da Super Eagles, ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17, kuma a shekarar ce Club Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi. Daga nan sai hawa. Kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ƙwallo ɗaya a ragar Bulgeriya ɗaya a ragar Girka a gasar duniya ta Amurka, sannan Everton ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 3. A 1996 aka ciyo zinare a Atlanta, shi ne ya farke ta biyu a wasan ƙarshe da Ajantina. A tawagar nan akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel, duk 'yan Kaduna, Musulmi da Kirista, riga ɗaya. Ina so ku riƙe wannan, ku da kuka taso kuka tarar kogi ya raba garin gida biyu.

Labarin da aka fi ba ku shi ne na Afrilun 1995. Everton tana wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham a birnin Leeds, Amokachi yana benci. Paul Rideout na Everton ya ji ciwo, ana duba shi a gefen fili, koci Joe Royle bai riga ya yanke shawarar canji ba, sai ga Amokachi a cikin fili. Ya zura biyu, aka tashi 4 da 1, daga baya suka doke Manchester United suka ɗauki kofin. Samari suna son labarin nan domin yana nuna zuciya, ni ma ina son sa. Amma ku lura da abin da ya gabace shi. Mutum ne da aka saya da tsada, aka canza kocin da ya kawo shi, sabon bai ba shi gurbi a sahun farko ba. Bai yi zuciya ya daina zuwa atisaye ba. Da ranar ta zo, ƙafarsa a shirye take. Wanda ya kwaikwayi shiga fili ba izini ya bar zaman haƙurin da aka yi kafin nan, koci zai sallame shi, kuma kocin ne da gaskiya.

To ga rabin da ba a cika faɗa ba. A gasar duniya ta 1998 a Faransa gwiwa ta kama shi, yana ɗan shekara 25, yana kan ganiyarsa a Besiktas ta Turkiyya. Bayan ya bar ƙungiyar a 1999, 1860 Munich ta Jamus ta so shi, gwajin lafiya ya hana. Ya gwada Tranmere a Ingila, nan ma haka. Ya je har Amurka wajen Colorado Rapids, bai dore ba. Mutumin da ake wa kirari da Bijimi saboda ƙarfin ƙirjinsa, kafin ya cika shekara 30 wasan ya ƙare masa. Kuma shi a Turai yake, inda likitocin ƙashi suke.

Ku kuma a kan jar ƙasa mai tsakuwa kuke bugawa. Ina ganinku da sassafe cikin hunturu, yaro gwiwarsa ta kumbura tun jiya, ya shafa man zafi, ya naɗe ta da bandeji mai datti, ya haɗiye ƙwayar kashe ciwo guda biyu ba ko karin kumallo, ya shiga yana ɗingishi don kada a ba wani lambarsa. Ɗana, gwiwar da ta kumbura hutu take roƙo. Idan ka ji ta yi ƙara sannan tana gocewa in ka juya, jijiya ce, ba targaɗen da mai ɗori zai ja ba ne. Asibiti za a je a duba. Mako shida a gefen fili ya fi a ce an yi ɗan wasa an gama.

Abin da ya riƙe Amokachi bayan ƙafa ta ƙi, kansa ne. Ya koma horarwa, ya kama Nasarawa United a gasar gida, inda ake tafiyar dare a mota kuma albashi kan makara. Ya yi mataimaki a Super Eagles, kuma da aka ba Stephen Keshi ragama a 2011, ya tsaya a bayansa. Wannan matakin ne nake jinjina masa a kai fiye da ƙwallayen Atlanta. Wanda duniya ta yi wa tafi ya yarda ya zama na biyu, yana jera alamomin atisaye a fili, yana zama da yaron da aka ajiye a benci yana kwantar masa da hankali, tunda ya san ɗacin wurin. A 2013 suka ciyo kofin Afirka a Afirka ta Kudu, Sunday Mba, ɗan wasan gasar gida, ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe. Sunan Keshi aka fi kira, kuma ya cancanta, domin shi ne mutum na biyu bayan Mahmoud El-Gohary na Masar da ya ɗauki kofin yana ɗan wasa ya kuma ɗauka yana koci.

Da Amokachi ya riƙe ƙungiyar ƙasa riƙon ƙwarya a farkon 2015, abin bai yi daɗi ba. Yuganda ta zo har Uyo ta ci mu ɗaya da nema, bakunan da suka yi masa kirari suka koma zagi. Haka kujerar take. A 2016 sai ga shi a Oulu, can arewacin Finlan mai tsananin sanyi, yana horar da wata ƙaramar ƙungiya, JS Hercules. Wasu sun ga kamar faɗuwa ce. Ni sai na ga mutum mai son sana'arsa, wanda bai raina inda zai ƙara sani ba.

Masaƙun da suka riƙe ƙungiyoyi sun rufe, KTL tun 2002, don haka hanyarku ta fi ta da ƙunci, kuma macuta sun cika ta. Duk dillalin da ya ce iyayenku su sayar da fili ko Keke Napep a biya shi ya kai ku gwaji Turai, ku riƙe kuɗinku. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita ke aiko takarda ta biya kuɗin jirgi. Kada ku rage shekaru, yanzu akwai na'urar da ke duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17. Ku gama sakandare, domin kwas ɗin horarwa, ko na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko lasin hukumar CAF, da karatu da rubutu ake yin sa.

Kuma wanda ciwo ya zaunar a cikinku, kada ya lafe a gidan kallo yana musu a kan Arsenal da Chelsea. Ya karɓi usur daga hannun koci, ya tara ƙannensa 'yan shekara 10 zuwa 12 a gefen fili, ya koya musu tare ƙwallo da miƙa ta, ya kuma samu ɗan littafi yana rubuta abin da ya gani a kowane wasa: wa ya bar gurbinsa, ta wane ɓangare aka fi shigowa, a wane minti ƙarfin yaran ya fara ƙarewa.