Ƙwan kazar bola da gwajin da ba ma yi

A shekarar 2019 ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network suka fitar da sakamakon gwajin ƙwan kajin gida daga Agbogbloshie, filin nan na birnin Akara inda samari, akasarinsu 'yan ci-rani daga arewacin Gana, suke ƙona wayoyin lantarki a lokacin don zare tagulla. Kajin a cikin tokar suke tono, su tsinci tsutsa da ƙasa, gubar dayoksin da ke cikin tokar ta taru a kitsen jikinsu, ta sauka cikin gwaiduwa. Magidanci ya ci ƙwai ɗaya tak, ya zarce abin da hukumar kula da abinci ta Turai ta yarda jiki ya ɗauka na dayoksin a rana har sau 220. Ƙwan bai yi wari ba, bai sauya launi ba, kuma da shi ake soya wa yaro ya tafi makaranta. Abin da ke ci mini rai shi ne sai da aka kwashi ƙwan nan aka kai Turai kafin a sani.

Wani zai ce ai Akara ce, ina ruwanmu a nan Kumbashi? To, a leƙa bayan gida daga nan har Kontagora. Bola ce ake cinna wa wuta da leda da tsohon silifas da ɓawon waya, da safe kaji da zabi su hau tokar tana ɗumi. Ga masu babbakar kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya, wai itace ya yi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na dayoksin da ke shiga jikin ɗan Adam ta abinci yake bi, musamman nama da madara da kifi, kuma sai shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita. Masu cewa kakanninmu sun ci sun tsufa, kakanninmu ba su ƙona roba ba. Tafasa ma ba ta kashe dayoksin.

Hujjar da ake kawowa kullum kan rashin yin gwajin a nan ita ce tsadar na'urar tantancewa. Gaskiya ce, amma ba kowane samfuri ke buƙatarta ba. Gwajin CALUX yana aiki da ƙwayoyin hantar ɓera da aka dasa wa gadon ƙwaron nan mai walƙiya da dare: a tatsi kitsen, a tsabtace, a ɗiga musu, in akwai guba su ba da haske gwargwadon ƙarfinta. Ana cewa ba ya faɗin sunan gubar, kuma yakan zargi samfuri mai lafiya. Haka ne, aikinsa tankaɗe ne; wanda ya yi haske shi ake turawa babbar na'ura. Turai ta karɓe shi bayan badaƙalar dayoksin a kajin Beljiyam ta 1999. Nijeriya tana cikin Yarjejeniyar Stockholm ta yaƙi da irin wannan guba, don haka NAFDAC da jami'o'inmu suna da hurumin fara tankaɗe ƙwai da man shanu.

Kada a ƙona leda inda kaji ke kiwo. Kada a babbake nama da taya. A killace kaji, a daina ƙona leda. Masu yawo da lasifika ran kasuwa suna tallar maganin wanke guba kuwa, kuɗinku kawai suke wankewa, don abin da ya zauna a kitse gudawa ba ta fitar da shi. Mai shayarwa ta fi kowa kiyaye gandar da ta yi baƙi tana warin roba.