Ramin da ke cikin zane ba mantuwa ba ce

Aikina zanen gini da duba shi, kuma abin da aka yi a wata makarantar firamare mai zaman kanta da na zana ne ya sa nake wannan rubutu raina a ɓace.

A filin akwai tsohon aji da tsattsewa suka cika ƙarƙashin rufinsa, sheƙa kan sheƙa, irin wadda suke liƙawa da yawu da gashi da busasshiyar ciyawa. Tunda za a rushe shi, sai na sa musu gurbi a sabon benen: akwatuna a cikin kaurin bango, can sama ƙarƙashin inuwar rufi, ƙofar kowanne ba ta fi shigar yatsu biyu ba, kuma babu wanda ya ɓulla cikin silin. Na yi wa Alhaji mai makarantar bayani, ya ce to. Birkila ya gina su daidai, yana tsokanata wai injiniya ya koma yi wa tsuntsu gida.

Kuɗi suka yanke, gini ya tsaya babu filasta. Kafin a dawo, tsuntsayen sun tare, sun yi ƙwai, sun ƙyanƙyashe. Da kuɗi suka samu, Alhaji bai neme ni ba, ya ɗauko wani mai filasta mai araha. Shi kuwa ko buɗe zane bai yi ba. Ya ga ramuka a jere, ya ce birkila ne ya manta, ya sa yaransa suka cusa guntayen bulo suka shafe da siminti. Da 'ya'yan a ciki.

Mai gadi ne ya kira ni. Na tarar da iyayen suna shawagi suna kai wa bangon sura, baki cike da ƙwari. Na sa aka kafa tsani aka fasa. Warin da ya fito ya isa amsa. Da na yi magana, Alhaji ya ce, "Injiniya, yi haƙuri, ai tsuntsu ne."

Saura kuma. Akwai kafa tsakanin katakon bakin rufi da bango wadda na rubuta ƙarara a toshe. Ita ba a taɓa ta ba. Zuma ta shiga ta nan ta kafa saƙa a silin. Maimakon a kira mai kiwon zuma ya zo da amya ya kwashe ta da dare, aka kira wani yaro mai feshi, ya tuttula fiya-fiya a silin ɗin ajin da yara za su zauna. Ƙudan suka mutu, zafi ya narkar da saƙar, ta yi wa silin taswira, tururuwa ta biyo. Ramin da aka ce a bari an toshe, wanda aka ce a toshe an bari.

A buɗe zane kafin a taɓa bango. Rami mai motsi a ciki ba a toshe shi. Ba a feshin guba a kan zuma.

Masu ganin shirme ne su sani, a birnin Brighton na Ingila tun 2020 hukumar birni ke sharɗanta wa sababbin gine-gine bulo mai ramukan ƙudan zuma, wanda ya kai tsayin mita 5 kuma a ƙara masa gurbin tsattsewa. Ba don ƙawa ba. Tsattsewar da ke zuwa musu daga Afirka kowace shekara ta ragu da fiye da rabi tun 1995, har a 2021 suka sa ta jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari, kuma gini mai sulɓi marar kafa yana cikin dalilan da ake zargi. Mu ma can muka nufa. Soron azara da zanko da indararo yana da lungu, ginin yanzu daga siminti sai gilashi. Tsuntsun da ba ya cin hatsin kowa, ƙwari kawai yake kamawa a iska, shi muke kora.

Ƙudan da ake yi wa bulo ba masu zuma ba ne. Kowace ita kaɗai take, rami siriri kamar fensir ya ishe ta, da wuya ta yi harbi, aikinta barbarar furanni. Amma kada a liƙa bulo ɗaya a tsakar gidan da aka malale da siminti babu ko zogale a ce an taimaka. Me za ta ci? Ko a Ingila akwai masanan da suka soki bulon kan cewa ramukan ba su da zurfi.

Kada a sa gurbin tsattsewa a bangon yamma, ranar la'asar za ta gasa 'ya'yan. Kada a sa shi saitin ƙofa ko taga, kashi zai zubo, gobe a zo a toshe. Kada ya ɓulla silin. Na sake faɗa, in mai filasta ya ce birkila ya manta, a kira wanda ya yi zanen, kiran waya ɗaya ne. Rushe tsohon gini kuma a jira 'ya'yan su tashi. Mujiya ma a daina jifarta, ɓera take ci.